Alhamis, Ranar Ba Riga

Wata rana, a layin masu jiran gashin ƙashi a asibiti, na haɗu da wata mata da har yau ba na ɗaga hannu in yi addu'a ban ambace ta ba.

Lokacin wata huɗu ke nan da maigidana, Malam Nazifi, ya yi haɗarin babur a hanyar Kawo. Ƙafafunsa ba su mutu gaba ɗaya ba, amma ba sa ɗaukarsa.

Aurenmu ko shekara biyu bai cika ba.

Ranar ina ta fama in ɗaga shi daga keke in ɗora shi a benci. Na kama hannuwansa ina ja. Shi yana cije leɓe, ni kuma bayana kamar zai tsinke.

Wata gajeriyar mata na zaune a gefe, guiwarta ɗaure da bandeji, tana ɓarar gyaɗa tana kallonmu.

Ta ce, "Ƙanwata, haka kike ɗaga shi kullum?"

Na ce, "E."

"To nan da salla ku biyu za a riƙa turowa a keke."

Malam ya yi dariya. Ita ce dariyarsa ta farko tun ranar haɗarin, shi ya sa ban ji haushin matar ba.

Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta taso tana ɗingishi. Ba ta taɓa shi ba. Ni ta kama, hannu ɗaya a bayan hijabina, ɗaya a ƙugun zanena. Ta ɗan durƙusa, sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa.

Ni da na fi ta tsawo.

Ta ajiye ni ta ce, "Da ƙafa ake ɗaga mutum, ba da baya ba. Ki zo Kakuri ranar Talata."

Sunanta Anti Laraba. 'Yar Kagoro ce. Tana budurwa ta yi wasan judo, daga baya ta koyi jujitsu, wata kokawa ta riƙo da kayarwa wadda babu naushi a cikinta. Mata zalla take koya wa, a wani ɗaki bayan shagon gyaran gashin ƙanwarta.

Da na gaya wa Malam ina son zuwa, ko ɗago kai bai yi ba daga wayar da yake gyarawa, don tun da ya kwanta ya mayar da sana'arsa falo.

Ya ce, "Je ki. Amma kar ki dawo ki ce za ki gwada a kaina."

Na ce, "Ai don kanka za a je."

Kwana biyu ake zuwa a mako.

Talata ranar riga. Alhamis ranar ba riga.

Bari in yi muku bayani, don a nan labarin yake.

Ranar Talata ana saka wata farar riga mai kauri kamar buhu, wuyanta da tauri, da wando da ɗamara. Gi suke kiranta. Ko'ina a jikinta wurin riƙo ne: wuya, hannu, baya, ƙafar wando. Wasan a hankali yake tafiya, kamar dara. Kin kama nan, ta kama can, kowa na jiran kowa ta yi kuskure.

Ranar Alhamis kuwa ba a saka ta. Wata riga mai santsi ake sakawa, mai dogon hannu, ta manne a jiki, da wando irinta. Jiki a rufe yake, amma babu abin kamawa, kuma an hana jan tufafi. Ga gumi. Kina kama hannu zai sulle. Komai da sauri.

Ni Talata ta karɓe ni.

Gidanmu mu goma sha ɗaya ne, kuma ni na tashi da wankin kowa. Makaranta a aji huɗu na tsaya, sauran karatuna a bakin baho na koya, littafi a gefe, wanki a gaba. Don haka yatsuna sun san yadi. In na murɗe wuyan riga, sai dai a roƙe ni.

Abokiyar wasana Maman Zulai ce, mai sayar da kifi a kasuwa, mace mai jiki da baki.

Takan ce, "Laraba, cire min kaskar nan daga wuya. Yarinya kamar tsinke, riƙo kamar na mahauci."

Ina dawowa gida ina aiki da abin da na koya. In kama bayan rigar Malam da ƙugun wandonsa, in durƙusa, in miƙe da shi. Daga gado zuwa keke, daga keke zuwa kujera. Bayana ya daina ciwo. Har maƙwabta suka fara cewa Shafa'atu ta zama soja.

Alhamis kuwa sau ɗaya na je.

Anti Laraba ta ce in zura hannuwana ƙarƙashin hammatar Maman Zulai, in manna kunnena a ƙirjinta, in matse ta. Ga zafi, ga gumi, ga numfashin mutum a kaina.

Kunya ta kama ni. Ban tashi a gidan da ake rungumar juna ba. Ko mahaifiyata gaisuwa daga nesa muke yi.

Ban sake komawa ba.

Yau in ce baƙi. Wani makon in ce ciwon kai. Anti Laraba ba ta taɓa yi min faɗa ba. Duk Talata in za mu rabu sai ta ce, "Shafa, Alhamis na cigiyarki."

In yi murmushi in wuce. A raina ina cewa, mijina ai da riga yake yawo.

Wata biyar muka yi haka.

Duk tsawon lokacin nan a kan gado nake goge masa jiki da tsumma da ruwan ɗumi. Wata Litinin da safe ya ce min, "Shafa, ina so in ji ruwa ya zubo min daga ka. Ko sau ɗaya."

Yadda ya faɗe ta, ba wanda zai iya ce masa a'a.

Na kai kujerar roba banɗaki. Na ɗaga shi da rigarsa na zaunar da shi, lafiya lau. Na cire masa rigar, na zuba masa ruwa. Ya rufe ido yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Na saɓa masa sabulu.

Ya sunkuya zai wanke ƙafarsa da kansa, sai ƙafar kujerar ta zame.

Na kai hannu bayansa inda na saba kamawa. Babu komai a wurin sai kumfa.

Na cafki hannunsa. Ya sulle.

Ya faɗi, girarsa ta bugi bakin bokiti ta fashe.

Na yi ƙoƙarin ɗaga shi. Sau uku. Duk inda na kama sai ya zame. Daga ƙarshe na lulluɓe shi da zane, na fita da gudu na kira maƙwabta maza biyu.

Suka ɗauko shi kamar kaya, ruwa na ɗiga, jini a fuska, matan gida na leƙe ta taga.

Ciwon ƙarami ne, ɗinki biyu. Amma ba girar ce ta fi fashewa ba.

Kwana biyu bai ce min komai ba sai "na gode" in na kawo abinci.

Ranar Laraba ina kicin na ji shi a waya da yayansa na Maƙarfi.

"Yaya Ɗanlami, ka zo Asabar ka ɗauke ni. Can akwai maza."

Na fito da ludayi a hannu. Ya ajiye wayar, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Shafa, ke yarinya ce. Ba wannan kika zo yi gidana ba. Ki je gida ki huta. In na samu sauƙi sai mu yi magana."

Ni da shi duk mun san abin da "ki je gida ki huta" ke zama in watanni suka wuce.

Na karanta littattafan soyayya ba adadi. Na san abin da mace ke faɗa a irin wannan wurin. Amma sai na koma kicin na ci gaba da juya miya.

Washegari na ɗauki jakata na tafi Kakuri.

Anti Laraba tana shimfiɗa katifun wasa ta ɗago ta gan ni.

Ta ce, "Yau Alhamis fa."

Na ce, "Na sani, Anti."

Na zauna a bakin katifa na ba ta labari, tun daga kujerar har wayar Maƙarfi. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma ce sannu ba. Da na gama ta ce:

"Da ya zame, me hannunki ya nema?"

"Riga."

"Rigar kika aura?"



Ta zauna kusa da ni, ta miƙe guiwarta mai ciwo.

Ta ce, "Riga tana ba ki dama ki riƙe mutum kina nesa da shi. Hannunki a miƙe, jikinki a can. Ba laifi ba ne, dabara ce mai kyau. Amma ran da ba riga, nesa ba ta riƙe kowa. Sai kin shigo."

A wurin na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba.

Tun ranar haɗarin ban rungume mijina ba. Ina ɗaga shi sau shida, sau bakwai a yini, amma kullum da yadi tsakanin hannuna da shi. Tsoro nake kar in fama masa ciwo. Ashe na mayar da shi abin ɗagawa da ajiyewa, shi kuma yana ji.

Anti Laraba ta ara min riga mai santsi. Sannan ta leƙa shagon ƙanwarta ta dawo da robar sabulun wanke gashi da kofin ruwa.

Ta ce, "Maman Zulai, zo ki zama mijin Shafa."

"Ni? To a fara ba ni abincin rana, in miji ne."

Ta tsiyaya mata sabulun a kafaɗu da baya da hannuwa, ta yayyafa ruwa. Maman Zulai ta koma kamar tarwaɗa.

"Laraba, in yarinyar nan ta kayar da ni na karye, ke za ki je kasuwa ki zauna min a kan kifi."

"Zauna a kujera ki saki jiki. Kar ki taimaka mata."

Sannan ta koya min, ɗaya bayan ɗaya.

Hannuwa su shiga ƙarƙashin hammata, su haɗu a baya. Tafi kan tafi, ba a sarƙe yatsu. Kunne a ƙirji. Kada a bar wurin da iska za ta wuce tsakani. Guiwa a lanƙwashe, ƙafa ɗaya tsakanin ƙafafunta.

Na ɗaga. Ta sulle ta koma kujera.

Na sake. Ta sulle.

Anti ta ce, "Kin ga abin da kike yi? Da kin ji ta fara zamewa sai ki ja da baya. Jikinki na gudun kar ta faɗo miki. Juya abin. In ta zame, ki ƙara shiga."

"In na shiga kuma ta fi ƙarfina fa?"

"Sai ki zauna da ita a hankali. Ba a sakin mutum a tsakiyar hanya."

Maman Zulai ta ce, "Matso mana, 'yar nan. Ƙarnin kifi ne, ba ya kisa. Mijina shekara ashirin yana shaƙa, ga shi nan har da tumbi."

Dariya ta ƙwace min, hawaye kuma na zuba. A haka na matsa na manna kunnena.

A karo na goma sha wani abu, ta miƙe a hannuna. Ta fara sullewa, na ƙara taku ɗaya ciki, sai ta tsaya cak.

Ban ji nauyinta a hannu ba. A ƙafafuna na ji shi.

Ta ce, "To, sauke ni, amarya. Na fara jin daɗi."

Ranar Juma'a ba ranar wasa ba ce, amma Anti Laraba ta buɗe ɗakin saboda ni. Maman Zulai ta bar wa maƙwabciyarta teburin kifi ta zo aka sake wanke ta da sabulu. Daga nan Anti ta raka ni asibiti, muka nuna wa likitar da ke yi wa Malam gashin ƙashi riƙon. Ta gyara min inda zan sa guiwa don in tare tasa, ta ce in shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa, in kuma jingina kujerar da bango.

A bakin titi, muna jiran mota, na ce, "Anti, ashe duk Talatocin nan ɓata lokaci na yi."

Ta ce, "Kul. Wa ya koya miki inda za ki sa ƙafa? Wa ya koya miki haƙuri? Riga ce. Rabin karatun kika ɗauka kika gudu da shi, shi ke nan."

Asabar ta zo.

Yaya Ɗanlami ya ce zai iso bayan azahar. Jakar Malam na bakin ƙofa, da kansa ya sa na haɗa masa ita.

Da hantsi na ɗora ruwa a wuta.

Na ce, "Malam, ba za ka shiga Maƙarfi da dauɗar Kaduna ba."

Ya ce, "Bari kawai, Shafa. Mun gwada."

"Sau ɗaya. In ka faɗi, ni da kaina zan kai jakar mota."

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da ya gani ba. Sai ya ajiye wayar da ke hannunsa.

Na shimfiɗa tabarma. Na jingina kujera da bango. Na zuba masa ruwa daga ka, ina kare ɗinkin da tafin hannuna. Wannan karon bai rufe ido ba, bai yi murmushi ba. Hannuwansa na riƙe da gefen kujera gam.

Da muka gama na jawo keken kusa na danne birkinsa.

Ya ce, "Miƙo rigar in saka tukuna."

Na ce, "A'a."

Na durƙusa a gabansa. Na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarsa, na haɗa su a bayansa, tafi kan tafi. Na manna kunnena a ƙirjinsa.

Zuciyarsa na bugawa da sauri kamar ta wanda ya yi gudu.

Na miƙe da shi.

A tsakiyar hanya ya zame. Na ji jikinsa ya sandare, ya ja numfashi yana jiran ƙasa.

Na ƙara shiga.

Muka tsaya.

Ruwa na ɗiga daga gemunsa a kan goshina. Tafin ƙafafunsa na kan tabarma, duk da ni ke ɗauke da shi. Wata tara rabon da in ga tsawonsa. Na manta cewa kaina a kafaɗarsa yake tsayawa.

A hankali ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Wata mai kifi."

Na ji dariyar a ƙirjinsa kafin ta fito. Sannan ta tsaya.

Ya ce, "Yau kin iya. Gobe fa? Baɗi fa? Likita ba ta ce zan tashi ba, Shafa. Cewa ta yi wataƙila. Wata rana zan sake zamewa."

Da a ce ina kallon idonsa, na san ba zan iya ba. Amma fuskata na ƙirjinsa, ba mai ganina. Sai na ji muryata ta fito, da ƙarfinta, har banɗakin na amsawa.

Na ce, "Ban yi maka alkawarin ba za ka sake faɗuwa ba. Amma na yi maka alkawari, Allah ne shaidata, ba za ka sake faɗuwa kai kaɗai ba. In za a je ƙasa, tare za mu je, kuma ni ce a ƙasa. Ko ka tashi ko ba ka tashi ba, ina nan. Ba inda za ni."



Sai na ji hannuwansa, da tun ɗazu suke rataye, sun zagayo bayana.

Ya ce, "Zaunar da ni, kar ki gaji. Sannan ki je ki kwance jakar nan, kuma ki ƙara shinkafa. Yaya ba ya son komawa da yunwa."

Darasi:

Akwai mutanen da muke hidimarsu kullum, muna dafa musu, muna wanke musu, muna ɗaga su muna ajiyewa, amma daga nesa. Ba mugunta ba ce. Wani tsoro ne, wani kunya, wani kuma haka ya tashi ya gani. Riƙon nesa yana aiki har ranar da abin kamawar ya ƙare. Ran nan in mutum ya fara zame maka, kar ka ja da baya. Ƙara shiga.

Kuma darasin da kake ta kaucewa, kana kawo uzuri duk mako, ka duba shi da kyau. Ni nawa ranar Alhamis yake.

Malam yanzu yana iya tsayawa da sanda na ɗan lokaci. Ba mu san inda abin zai tsaya ba, mun dai gode wa Allah.

Anti Laraba, Allah ya ba guiwarki lafiya. Maman Zulai, Allah ya sa kifinki ya riƙa ƙarewa kafin la'asar. Ban da abin da zan biya ku da shi sai wannan.

In kin san wata mai jinya a gida, ko ka san wani da ke ɗawainiya da mahaifi ko mata, a tura masa wannan. A kuma ce masa ya tambayi likitan gashi kafin ya gwada kowane riƙo. Ku yaɗa, wataƙila akwai wadda jakar gidanta ke bakin ƙofa yau.